'Yata mai cutar siliyak tana son cuku, ni kuma tsoro ya hana ni ba ta

Wata uwa daga Unguwar Rimi:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe a zauren nan ina karatu ban taɓa cewa uffan ba, yau larura ce ta fito da ni.

'Yata ta biyu shekararta 9. Tun tana 'yar shekara 6 take fama da kumburin ciki da zawo, yau ya tsaya jibi ya dawo. Ga ta 'yar firit, har ƙanwarta da ta ba shekara biyu ta kamo ta a tsayi. Maganin tsutsar ciki, na taifot, na ƙarin jini, jiƙe-jiƙen gida, babu wanda ba ta sha ba. Sai watanni huɗu da suka wuce wani likitan yara ya sa aka yi mata gwajin jini, daga baya aka zura mata na'ura ta baki aka ɗebo ɗan naman hanji, aka ce cutar siliyak ce. Jikinta ba ya shiri da gulutin, wani sinadari da ke cikin alkama da sha'ir da wani hatsin Turai da ake kira rai. Likita ya ce ba ta ba su har abada.

Mun rabu da burodi, taliya, indomi, tuwon semo, funkaso, alkaki, cincin. Ranar farko da na zuba mata dafaffen dankali a kwanon makaranta maimakon biskit, haka ta dawo da shi ko taɓawa ba ta yi ba, ta kwanta a cinyata ta yi kuka har barci ya ɗauke ta. Amma alhamdulillahi ta ƙara kilo 2, kumatu sun fara fitowa.

Ga inda na maƙale. Likita ya ce ƙashinta na buƙatar kalsiyam saboda shekarun da ta yi abinci ba ya kama jikinta. Madara kuwa in ta sha kofi guda sai cikinta ya hau ƙugi. Abin da take so a duniya shi ne cuku: busasshen nan na Nijar da kakarta ke kawo mata tsaraba, da awarar nono ta Fulani. To ranar Asabar da daddare na saya mata soyayyiyar awarar nono a bakin titi, kafin asuba ta fara amai, kwana uku tana riƙe da ciki. Babanta ya sayo na kanti, mai kusurwa uku da mai falle-falle, rubutun jikinsu ƙanana, wani ma da Faransanci. Sai kuma maƙwabciyata ta ce ai shanu dusar alkama suke ci, don haka nonon ma duk da gulutin a ciki.

Don Allah masu sani ku taimake ni. Cuku yana da gulutin ko ba shi da shi? Me ya kwantar da yarinyar nan ranar Asabar? Wanne zan ba ta hankalina a kwance?

Hajiya daga Malali:

Wa alaikumus salam. Allah sarki, Allah ya ba ta lafiya ya sa kaffara ne. Ni dai 'yata in ni ce ke, duk abin da ya fito daga jikin saniya sai in ɗauke mata shi baki ɗaya. Rigakafi ya fi magani.

Jami'ar kula da abincin marasa lafiya, Barnawa:

Hajiya, ki yi haƙuri zan ɗan saɓa miki, don in aka bi wannan shawarar an toshe ƙofa ɗaya an buɗe wata. Yarinya mai shekara 9 da hanjinta ya daɗe ba ya tsotsar abinci, yanzu ne ƙashinta ke ginuwa, raba ta da dangin nono ba ƙaramar asara ba ce.

Maman yarinya, sannu da ƙoƙari. Kilo 2 a wata huɗu aikinki ne, kada ki raina shi.

Cuku na asali madara ce da abin daskarar da ita da gishiri, shi ke nan. Babu gulutin a madara, ta saniya ce ko ta akuya ko ta raƙumi. Zancen dusa kuma ki ajiye shi gefe: abin da saniya ta ci narkewa yake a tumbinta, jikinta ne ke ƙera sinadaran nononta da kansa. Da maganar maƙwabciyarki gaskiya ce, da masu wannan cuta a Turai, inda ake ciyar da shanu da hatsi, ba su sha madara ba.

Ƙugin cikin da take yi in ta sha madara kuwa wani abu ne daban, kuma nan ne iyaye da yawa ke rikicewa. Bangon ƙaramin hanji yana da wasu 'yan tsirarrun gashi-gashi kamar na tawul, su ke tsotse abinci. A kan bakinsu ne ake samun sinadarin da ke narkar da sukarin madara, wanda ake kira laktos. Cutar siliyak takan goge gashin nan ta bar hanji sumul, sai laktos ya wuce bai narke ba, ya je babban hanji ya yi tsami, ga iska ga ƙugi ga zawo. Wannan yana da damuwa amma ba ya lalata hanji yadda gulutin ke yi, kuma ga mafi yawan yara yakan ragu in hanji ya warke, cikin watanni, wasu har shekara ko fiye.

Abin daɗin shi ne lokacin yin cuku yawancin laktos yana bin ruwan da ake tsiyayewa, sauran kuma ƙwayoyin tsami su cinye shi yayin da cukun ke tsufa. Kofin madara yana da laktos kusan giram 12. Cuku mai tauri da ya daɗe a ajiye, irin su ceda da gauda da famesan, abin da ya rage a cikinsa bai taka kara ya karya ba. Ɗan yanki na ceda giram 30, kamar girman kwalin ashana, zai ba ta kalsiyam kusan miligiram 200. Saboda haka in da hali, dunƙulen cuku mai tauri wanda ba a yanka ba, a cikin ledarsa ta kamfani, shi ne na farko a wurina. Kindirmo ma ki gwada mata cokali biyu-uku, da yawa sun fi jure shi a kan madara.

Wanda nake ɗari-ɗari da shi shi ne cukun da hannu ya yi yawa a kansa: mai falle-falle, na shafawa, wanda aka goge aka zuba a leda, garin cuku na jikin kayan ƙwalam, da miyar cuku ta gidajen abinci wadda da fulawa ake kaurara ta. Da yawansu lafiya lau ne, sitacin dankali ko na masara ake sa musu, amma sai an karanta ake sani.

Batun ranar Asabar, zargina ya fi karkata ga kaskon suya. Ko akwai mai sana'ar a zauren nan ta faɗa mana?

Mai awara daga Tudun Wada:

Ga ni Anti. Shekarata 11 ina suya a ƙofar gida, kuma tsakani da Allah zan faɗi abin da na sani, tunda lafiyar yarinya ce.

Mai ya yi tsada, babu mai zubar da shi. Man da na soya fanke da safe, shi nake tacewa da rariya in soya awara da yamma. In kika leƙa gindin kaskon za ki ga baƙin gari-gari ya kwanta, to ɓurɓushin fulawa ne. Matsami ɗaya ne, tire ɗaya ne. Sannan awarar nono tana da laushi, tana son farfashewa a mai, shi ya sa wasu ke ɗan barbaɗa mata fulawa ko su kaɗa fulawa cikin ƙwan da za su tsoma ta, ta yi kyau ta yi ja. In kika tambayi mai suya ko akwai alkama za ta ce miki babu, kuma ba ƙarya take ba, ita a ganinta alkama daban fulawa daban. Ki ce mata fulawa, ki ce semo, sannan ki tambayi me aka soya a man.

Yajin ma ki lura, akwai dunƙule a ciki, wasu dunƙulen an rubuta akwai alkama a jikin kwalinsu.

Shawarata Maman yarinya, ki sayi ɗanya ki soya a gida. Ki tsane ta a kyalle mai tsabta, ki sa gishiri, mai ya yi zafi sosai kafin ki saka, kada ki juya sai gefe ɗaya ya yi ja. Ba ta buƙatar ko ƙwayar fulawa.

Wani magidanci daga Kawo:

Ni fa ina ganin abin nan ana zuzuta shi. Ɗan ɓurɓushin da wuta ta ƙone a mai har ya kwantar da mutum kwana uku? Iyayenmu da me suka girma? A bar yarinya ta ci kaɗan-kaɗan jiki zai saba.

Mai ɗauke da cutar, Unguwar Sarki:

Malam, don girman Allah kada ka sake ba wani wannan shawarar. Shekarata 14 da sanin ina da siliyak, a Ingila aka gano min ina karatu, bayan na ƙare ƙuruciyata a Kaduna ana ce min mai ƙashin tsiya. Jiki ba ya sabawa. Sojojin jiki ne ke juyowa su yaƙi hanji duk lokacin da suka ga gulutin, ko mutum ya ji ciwo ko bai ji ba. Wuta kuma ba ta kashe shi, ba ƙwayar cuta ba ce, ai burodi ma daga wuta ya fito. A wani bincike da aka yi a Italiya aka buga a 2007, an ba masu cutar miligiram 50 kacal na gulutin kullum na kwana 90, aka duba hanjinsu aka ga ya taɓu. Miligiram 50 ɗan ɓalli ne na yankan burodi. Shi ya sa ƙa'idar duniya ta ce ba a kiran abinci marar gulutin sai bai wuce miligiram 20 a kilo guda ba.

Iyayenmu kuwa da gero da dawa da masara da acca suka girma. Alkama abincin ranar Salla da biki ce a da, ba ta safe da rana da dare ba kamar yanzu. Ita kanta cutar ta daɗe tana kashe yara ba a san dalili ba, sai wani likitan yara ɗan Holan mai suna Willem Dicke ya tabbatar alkama ce. A yunwar da aka yi a Holan daga 1944 zuwa 1945, da burodi ya yanke, yaran da ke kwance suka farfaɗo, da burodi ya dawo suka koma. Kuma ba cutar Turawa kaɗai ba ce: a wani bincike da aka buga a 1999 an auna yaran Sahrawi na yammacin Sahara aka samu sama da kashi 5 cikin 100 suna da ita, alhali a duniya kusan mutum 1 ne cikin 100.

Yaya, bari in koya miki karatun kwali yadda nake yi a kantunan titin Ahmadu Bello. Kada ki dubi gaban kwali, juya bayansa wajen jerin kayan haɗi. Kalmomi huɗu za ki haddace: wheat, barley, rye, malt. In da Faransanci ne: blé, orge, seigle, malt. Ni na rubuta su a 'yar takarda na liƙa a bayan wayata. Kayan da aka yi don kasuwar Turai ko Ingila, tun ƙarshen 2014 doka ta wajabta a fito da waɗannan hatsi ɓaro-ɓaro, galibi da baƙin rubutu mai kauri, don haka ganinsu ba wuya. Na Amurka ki ƙara lura, su dokarsu alkama ce ta tilasta a bayyana, sha'ir na iya ɓuya cikin kalmar malt. In an rubuta sitaci ba a faɗi na mene ne ba, kuma ba kayan Turai ba ne, ni mayarwa nake. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Kuma ki karanta duk sayayya, kamfani na iya canza haɗi bai yi shela ba.

Inda aka taɓa cin amanata shi ne wani kanti da ke yanka babban dunƙulen cuku yana sayarwa a awo. Cukun lafiyarsa ƙalau, amma a gabana yaron ya yanka sanwic da wuƙar, ya goge ta a rigar aikinsa, ya ɗora a kan cukuna. Tun daga ranar ba na sayen yankakke.

Na san ba lallai ki gamu da shi ba, amma akwai wani cuku mai shuɗin zane a ciki wanda a da ake renon fumfunarsa a kan burodi. An auna, abin da ke isa cikin cukun bai kai a damu ba. Na faɗa ne don za ki ci karo da zancen a intanet.

Bafulatana daga Ladduga, mazauniyar Rigasa:

Maman yarinya sannu. Ni a gaban innata na tashi tana yin wara, wato awarar nono, a rugarmu ta wajen Kachia, bari in gaya miki abin da ke ciki. Madarar safe ake ɗorawa a wuta kaɗan-kaɗan, a daddaka ganye ko karan tumfafiya a tace ruwansa a zuba. Can sai ki ga madarar ta tsinke, fari ya haɗe, ruwa mai ɗorawa-ɗorawa ya ware. A ƙara wuta ya tafasa, a kwashe a 'yan kwanduna ya tsane. Babu gari ko ƙanƙane. Jar da kike gani a jikin wata wara kuma karan dafi ne, dangin dawa.

Sai dai ba zan ɓoye miki ba, a rani nono na ƙaranci, akwai masu ƙara ruwa su sa wani abu ya yi kauri. Ba kowa ba, amma akwai. Ki samu mace ɗaya ki riƙe ta, ki zaunar da ita ki ba ta ruwa ki gaya mata larurar 'yarki. Mu Fulani in aka ce amana ce, an gama. Ki ce kada ta kawo miki a ƙwaryar fura, kada ludayin fura ya shiga, tunda ba ki san garin da aka mulmule furar da shi ba, ba ki san injin da ya niƙa shi ba.

Jami'ar abinci, Barnawa:

Na gode Adda, kin taɓo wurin da na manta. Ƙari ɗaya: wara sabon cuku ne, bai tsufa ba, ruwansa na jikinsa, don haka laktos ɗinsa ya fi na mai tauri. A fara mata da yanka ɗaya a ga yadda ciki zai karɓa.

Likitan dabbobi daga Samaru, Zariya:

Ni ta ɓangarena zan shigo, don kada gulutin ya ɗauke mana hankali daga abin da ya fi kusa. Amai cikin sa'o'i kaɗan bayan cin awarar bakin titi zai iya zama fulawa, zai kuma iya zama awarar ce ta kwana. Wara ba ta wuce kwana biyu zuwa uku ba sanyi, a zafin Kaduna ma ba ta kaiwa. In ta fara yauƙi ko wari, zubarwa ce.

Na biyu, ɗanyen nonon da ba a tafasa ba yana iya ɗauke da ƙwayar bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari, a mutum kuma zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi, a yi ta shan maganin maleriya a banza. Akwai kuma tarin fuka na shanu. Wara an dafa ta, amma ki sake tafasa ta a ruwan gishiri minti 10 da zarar an kawo, hakan ma na ƙara mata kwana. Busasshen cukun Nijar, wanda matan Buzaye da Fulani ke shanyawa a kan tabarmar kara a yankin Tawa da Abalak da Agadas, madara ce da ruwan tumbin ɗan akuya ko maraƙi, ba gari a ciki, amma galibi da ɗanyar madara ake yinsa. Ga yarinyar da jikinta ke farfaɗowa, ni zan gasa shi a wuta ya yi zafi har ciki kafin ta ci.

Uwar yarinya:

Wallahi hawaye nake ina karantawa. Allah ya saka wa kowa da alheri. Malama ta Unguwar Sarki, na juya kwalayen yanzun nan da fitilar waya. Mai kusurwa ukun ban ga ko ɗaya daga kalmomin ba. Mai falle-fallen an rubuta sitaci ba a ce na mene ba, kuma ban gane ƙasar da aka yi shi ba, na ba yayyenta. Tambaya ɗaya ta rage: kakarta takan daka cukun da dabino da gero a turmi ta dama mata. Wannan fa?

Mai ɗauke da cutar:

Haɗin kansa babu laifi, gero da dabino duk nata ne. Turmin za ki tambaya: an taɓa ɓarza alkamar alkaki a ciki? Ice yana riƙe gari a tsagunsa, wanki ba ya fitar da shi duka. Haka muciya, haka rariya. Geron kuma a tsince shi, a wanke, a daka a gida, don injin unguwa ana gama niƙa wa wata alkama za a juye naki. Ki saya mata ƙaramin turmi nata, kasko nata, matsami nata, ki ɗaura musu jan zare kowa a gidan ya sani. A Kasuwar Barci za ki samu duka.

Kuma Yaya, cutar tana bin jini. Kusan 1 cikin 10 na 'yan uwa na kusa sukan samu. Ki yi wa likita maganar auna sauran yaran, amma kada ki hana su alkama kafin gwajin, in ba haka ba sakamako zai fito lafiya alhali ba lafiya ba.

Magidanci daga Kawo:

Na karɓi gyara. Allah ya huci zuciyarki Malama, rashin sani ne. Allah ya ba yarinya lafiya.

Uwar yarinya, bayan mako biyu:

Salam 'yan uwa, na dawo da labari. Na samu wata Inna da ke zuwa layinmu daga wajen Rigachikun, na yi mata bayani kamar yadda Adda ta ce. Ta riƙe haɓa ta ce jikarta ma haka cikinta yake kullum a kumbure, har ta tambayi sunan gwajin na rubuta mata. Yanzu Litinin da Alhamis take kawo wara a cikin wata roba mai murfi da na saya na ba ta. Ina tafasawa, in tsane, in soya a sabon kaskon da aka ɗaura wa jan zare.

Ranar farko yanka ɗaya na ba ta, na kwana ina kai hannu cikinta ina sauraro. Shiru. Ranar da na ba ta huɗu cikin ya ɗan yi ƙugi, sai na dawo da ita biyu. Babanta ya samo dunƙulen ceda, tsadarsa ta sa muke yanka shi siriri kamar sabulun aro, ina goga mata a kan faten acca. Likita ya rubuta wa sauran yaran gwaji, ranar Laraba za mu je. Jiya ta tafi makaranta da soyayyiyar wara biyu da dankali, kwanon ya dawo wayam, ta ce ƙawarta ta roƙi ɗaya gobe in sa uku.